Buggy ɗin da Umma Ta Ce In Gyara

Ba zan taɓa mantawa da kalmar buggy ba, kuma ko ni na so in manta, akwai wani gida a unguwar Erdington ta Birmingham da ba za su bari ba. Duk Sallah sai an tayar da maganar, duk shekara kuma labarin ƙara tsawo yake yi a bakinsu. Shi ya sa na ga gara in ba da shi da kaina, tun kafin su kai shi inda ni ma ba zan gane shi ba.

A lokacin ina karatun digiri na uku a Manchester, ina kuma neman auren wata yarinya mai suna Sadiya. A Birmingham aka haife ta, iyayenta mutanen Malumfashi ne da suka daɗe a ƙasar nan. Mahaifiyarta, wadda nake kira Umma, ta karɓe ni hannu bibbiyu. Matsalar tana wajen Alhaji. Mutum ne marar yawan magana, sana'arsa sayen tsofaffin kaya a gwanjo, firji da janareta da kekuna, ya cika kwantena ya tura gida. In ka gaishe shi, sai ya dube ka kamar yana duba firjin da ba shi da tabbacin yana sanyi. Da kawuna ya kira shi daga gida kan maganarmu, cewa ya yi a bari sai bayan babbar Sallah, yana so ya ga kamun ludayin "yaron Manchester" tukuna. Ga kuma wani likita daga Landan, ɗan abokin Alhaji, da ya fara yawan zuwa gaisuwa ba gaira ba dalili. Ni dai na san in Sallah ta wuce ban burge Alhaji ba, Sadiya ta fi ƙarfina.

Umma kuwa Injiniya take kira na. (A nan ya kamata in faɗi gaskiya: injiniyancina a cikin kwamfuta yake. Yadda ruwa ke gudu a cikin bututu nake nazari, shi ma ban taɓa taɓa bututun ba. Ko facin tayar keke ban taɓa yi ba a rayuwata.) Amma sunan yana yi mini daɗi, don haka ban taɓa gyara mata ba.

Wata Asabar na hau jirgin ƙasa na je gaishe su. Ni mutum ne da aka yi wa tarbiyya, kuma ina so a san haka. In na shiga falonsu ba na hawa kujera ko an yi mini tayi, a kan kafet nake zama, in tanƙwashe ƙafa, in sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Na fi sanin zanen kafet ɗin nan fiye da fuskar Umma. Ranar Alhaji ya yi tafiya gida Najeriya, Sadiya tana kicin, sai Umma da jikarta Walida, 'yar yayar Sadiya, tana wasa tana jan ƙafar wandona.

"Injiniya, dama ina son ganinka," in ji Umma. "Buggy ɗin nan ce ta ishe ni. Ka san bayan Sallah muna fita farm mu gasa nama. To bara da muka je da ita, ko'ina muka bi sai ta maƙale a laka, tayoyin ƙanana ne. Na ga Turawa da masu manyan tayoyi, irin na off-road. Ba za ka iya mayar mana da ita haka ba?"

Ban san mene ne buggy ba. Wallahi ban sani ba. Amma yaya za a yi Injiniya guda, a gaban uwar yarinyar da yake nema, ya buɗe baki ya ce bai gane ba? Sai na ƙara duƙar da kai na ce, "In sha Allahu, Umma. Ai ƙaramin aiki ne."

"Allah ya yi maka albarka. Zan sa a ajiye maka ita a gareji, makullin yana ƙarƙashin tukunyar fulawa. Duk ranar da ka samu sarari ka zo ka ɗauka, ko ba ma nan."

Ina shiga jirgin komawa na ciro waya na rubuta kalmomin nan biyu da na riƙe, buggy da off-road. Sai ga hotunan wasu ƙananan motoci masu ƙatta-ƙattan tayoyi suna hawa duwatsu, laka tana tashi. Da na isa gida na tambayi Bashir, abokin zamana, Bazazzagi mai karatun sinadarai wanda bai taɓa rasa amsar tambaya ba ko ya sani ko bai sani ba. Ya ce, "Kai, ai a ƙasar nan 'yar motar nan ta masu wasan golf ita ake kira buggy. Surukan naka manya ne ke nan." (Kuma gaskiyarsa, haka ake kiran ta. Abin da ya sa har yau na kasa ɗora masa laifin duka ke nan.)

A tsakiyar mako muka ɗauki hayar babbar motar kaya, Bashir yana tuƙi, muka nufi Erdington. Ba kowa a gidan. Na ɗauko makulli na buɗe garejin, wanda galibi Alhaji ne kaɗai ke shigarsa. Kaya ne jibge har rufi. A daidai bakin ƙofa an ajiye wani keken tura jarirai a naɗe, an goge shi fes. Na ɗauke shi na jingine a gefe, har ina mitar yadda mutane ke tare hanya da tarkace. Can ciki, ƙarƙashin tamfol, sai ga ta: farar motar golf, mai rumfa, da 'yan tayoyi kamar na baro. Na ce wa Bashir, "Ka gani ko? Dole ta maƙale a laka." Muka turo ta, muka loda, muka kama hanyar Manchester ina jin kaina kamar wanda aka ba kwangilar gada.

Wani ɗan Sudan da muke salla tare ya ara mini garejinsa a unguwar Longsight, nan Manchester. Nan na tare. Malamina wani Ba'amurke ne mai gemu a bidiyon intanet, wanda ke yin komai cikin sauƙi yana dariya. Ya ce abu na farko a ɗaga jikin motar sama, don cikinta ya daina gogar ƙasa. Na yi odar ƙarafan, na ɗora ta a jak, na kwanta a ƙarƙashinta ina neman notin da mai gemu ya kwance da hannu ɗaya. Nawa notin ya yi tsatsa, ya ƙi motsi, sai da sifana ta kuɓuce ta fasa mini babban yatsa. Na yi kwanaki ina buga rubutun bincikena da yatsu tara, malamin da ke duba aikina yana tambaya ko lafiya, ina ce masa ƙofa ce ta datse ni.

Bayan ɗagawa sai tayoyi. Na samo wasu manya masu haƙora, irin na babur mai ƙafa huɗu. Da na ɗaura su sai na ga in an karya sitiyari suna gogar jikin motar. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Ni zarto na ɗauko na yanke robar da ke saman tayoyin. Daga nan na ga tsofaffin baturan ba za su iya jan wannan nauyi ba, na canza su. Na ga kuma akwai wata 'yar na'ura da ke hana ta gudu, na cire ta, don a ganina cin fuska ne. Kuɗin abincina duk suka koma can, na dawo garau-garau safe da yamma, amma ko a jikina. Na sa mata farantin ƙarfe a ƙasa, na sa bamba a gaba, na jera fitilu a saman rumfa, na ƙara da hon mai ƙarar na tirela. A ƙarshen bidiyon mai gemu ya fara wani dogon bayani a kan birki, wai manyan tayoyi suna rage masa ƙarfi. Na ga mutumin ya cika surutu, na kashe.

Allah ya ba ni dama in farka, ban farka ba. Wata rana Sadiya ta kira ni, da Hausarta mai gauraye da Turancin Birmingham.

"Mummy tana tambaya, how's the buggy?"

"Ki ce mata ta kwantar da hankalinta. Na ɗaga ta sama, na sa mata sababbin batura."

"Battery? Me buggy za ta yi da battery?"

"To da me za ta hau tudu?"

"Tura ta ake yi mana!"

Sai tausayinsu ya kama ni. Wato bara baturan sun mutu, bayin Allah suna ta turin mota a gona. Na ce, "Daga bana an daina turi. Mutum huɗu za ta ɗauka, har da kular nama."

Ta fashe da dariya ta ce, "You're so silly, wallahi." Ita ta ɗauka barkwanci nake yi, ni na ɗauka yabo ne. Muka yi sallama kowa yana jin daɗi.

Ranar fita gona ta zo, Asabar ɗin bayan Sallah. Alhaji ya dawo ana gobe Sallah, kuma hidima ba ta bar shi ya leƙa garejinsa ba. Tun da safe muka sake ɗauko motar kaya, sai ga matsala: motar da na ɗaga ta ƙi shiga motar da ta kawo ta, rumfarta tana dukan saman ƙofa. Sai da muka sace iskar tayoyin duka ta shige da ƙyar. Ruwa ake yi tun daga Manchester har muka sauka daga babbar hanyar M6. Ni kuwa na sha farar shadda, ɗinkin Sallah, da hula da na yi wa kari na musamman. Bashir ya ce in sa tsofaffin kaya in canza a can. Na ce masa ba a yi wa suruki bajinta da kayan gareji.

Gonar tana wajen gari, wani Bature ne ke ba da hayar filin. Wurin ajiye motoci yana kan tudu, daga nan ciyawa ce ta gangara har ƙasa, inda aka kafa rumfa aka shimfiɗa tabarmi, hayaƙin gashi yana tashi. Muka ɓuya a bayan shinge muna ba tayoyi iska da famfon ƙafa, gumi yana karyo mini. Sadiya ta kira ta ce, "Kana ina? Hannun Mummy ya gaji da riƙon Walida." Na ce a raina, to ina ruwan aikina da riƙon Walida? A fili kuma na ce, "Ku dubi saman tudu."

Na hau. Na kunna fitilu duka da rana tsaka. Na danna hon, tumakin gonar suka watse. Na hango kowa ya juyo, na hango babbar rigar Alhaji, na hango likitan Landan a tsaye kusa da shi yana riƙe masa faranti. Sai na taka totur.

Gaskiya ta yi gudu, wannan kam ba wanda zai ƙwace mini. Har na saki hannu ɗaya ina ɗaga wa jama'a. Da na matso rumfar na ɗora ƙafa a birki don in tsaya a gaban Alhaji cikin ƙasaita. Ba abin da ya faru. Na sake takawa da ƙarfi, tayoyin baya suka ƙame, motar ta ci gaba da sulɓi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa kamar ba da ita nake ba. Nan ne na tuna da mai gemu da surutunsa. Na fara ihu, "Ku kauce! Ku kauce! Move!" Mata suka kwashi yara, wani dattijo ya tsallake tabarma da ƙoƙon shayi a hannu. Na bi ta tsakanin rumfa da wurin gashi, bambar da na yi alfahari da ita ta kwashi kular zoɓo, muka tafi tare. A ƙarshen filin akwai wani kwari mai laka a gindin shingen tumaki. Nan tayoyin gaba suka nutse, motar ta tsaya, ta yi ɗan tunani, sannan ta kwanta a gefe a hankali, ta juye ni.

Na tashi zaune a cikin laka, zoɓo a ƙirji, hula ban san inda ta yi ba. Fitilun suna nan a kunne. Wanda ya fara isowa kuwa, don Allah ya cika mini ranar, likitan Landan ne. Ya durƙusa ya buɗe mini ido yana cewa, "You alright, mate? Yatsu nawa ka gani?" Da a ce ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Sai ga Umma da Walida a kafaɗa, Sadiya a bayanta.

"Innalillahi! Injiniya, ba ka ji ciwo ba? Wannan motar fa daga ina? Ina buggy ɗin?"

Na nuna motar da ke kwance, tayarta ɗaya tana juyawa a sama. "Ga ta nan, Umma. Birkin ne kawai ya rage."

Sadiya ta dubi motar, ta dube ni, ta toshe baki da hannu biyu. "Oh my God. Battery! Mutum huɗu!" Ta durƙushe. "Keken Walida ake nufi! Pushchair! Shi ma buggy ake ce masa!"

Sai na ga keken nan a idona, a naɗe, an goge shi fes, a bakin ƙofar gareji, da hannuna ina jingine shi gefe ina mita.

"Haba Injiniya," in ji Umma. "Ai ranar tana falon, a jingine kusa da ƙofa. Har nuna maka ita na yi da hannu ina magana."

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Umma, kaina yana ƙasa."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mata suna riƙe juna, wata gwaggon Sadiya ta zauna daɓas a ciyawa tana share hawaye da gyale. Bashir, abokin arziki, ya jingina da shinge yana dukan cinya kamar ba tare muka loda ta ba. Umma ta karɓi zani ta goya Walida ta ɗaure tam, ta ce, "Shi ke nan, mu koma wa off-road ɗinmu na gado."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Alhaji ya taho a hankali, ya tattare babbar riga, ya zagaya motar. Ya taɓa wurin da na yanke da zarto. Ya daɗe a wurin.

"Wannan farar motar da ke garejina ce?"

"Ita ce, Abba."

"Ka san ta wace ce?"

Na girgiza kai.

"Ta mahaifiyata ce. Gwiwoyinta sun ƙi, ko gidan 'yan'uwa a unguwa ba ta iya zuwa. Na daɗe ina neman mai ƙasa-ƙasa wadda za ta iya hawa ba da taimako ba." Ya dubi tsayin motar. "Tsohuwar da ko dakali ba ta iya takawa. Da tsani za ta hau wannan?"

Nan dariyar ta mutu. Kunyar laka daban, wannan daban. Na ji baƙin ciki na gaske, don na gane ba wauta kaɗai na yi ba, abin da ɗa ya tanadar wa uwarsa na ɗauka na yi wasa da shi. Na dubi Sadiya na ga ta daina dariya, idonta ya kawo ruwa. A raina na ce shi ke nan, likita ya ci bulus.

Da tarakta Baturen gonar ya jawo motar. Shi ya ara mini wata rigar aiki mai warin tumaki, a cikinta na ƙarasa yinin a can gefen tabarma. An zubo mini nama na kasa ci. Yara suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna roƙo in bar su su danna hon.

Da aka fara naɗe tabarmi Alhaji ya yafito ni. Na je na tsuguna.

"Za ka mayar da ita yadda ka same ta," ya ce. "Da hannunka, ban ce ka kai wa bakanike ba. Robar da ka yanke ka nemo sabuwa. Kwantena za ta tashi ƙarshen wata. In motar ta shiga, ka ce wa kawunka ya kira ni."

Na ɗago ban shirya ba, don ban yarda da kunnena ba. Ya riga ya juya, sai ya tsaya ya ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, "Fitilun nan ka bar su. Ana yawan ɗauke wuta a garin."

Kwancewar ta fi ɗaurawar wuya, kuma wannan karon sai da na saurari mai gemu har ƙarshe. Motar ta shiga kwantena, kawu ya kira, aka sa rana. Sai bayan biki Sadiya ta gaya mini abin da Alhaji ya ce mata a mota ranar da suke komawa daga gona. Wai da suka kusa gida sai ya ce, "Mutumin da zai sha wannan wahala don kawai ya kasa ce wa uwarki bai gane ba, ba zai wulaƙanta ki ba. Amma in za ki aike shi, ki haɗa masa da hoto."

Kuma tana haɗawa. Ko tumatir za ta ce in sayo, sai na ji waya ta yi ƙara kafin in kai bakin titi.

Abin da na koya bai da yawa. Kunyar surukai abu ne mai kyau, ban daina ba, ba kuma zan hana kowa ba. Amma ɗan'uwa, in uwar yarinya tana yi maka bayani ka ji ta ce "wannan" ko "ɗin nan", to ka yi wa Allah ka ɗaga ido ko ɗaya ne ka ga inda yatsarta ta nufa, sannan ka mayar da kanka ƙasa.